Ramin Mutum Biyu

Daga Allah muka fito, gare shi kuma kowa zai koma, mai sanda da wanda aka buga duka. Baba ya cika bayan sallar asuba, a kife bisa cikinsa yadda ya daɗe yana kwanciya. Kafin rana ta ɗaga ƙofar gidanmu ta cika da mutanen ƙauyenmu na gefen garin Suki, nan gabas nesa da ƙasar Hausa, har da Larabawan da muke haɗa iyakar gona da su. Su suna ɗaga hannu suna karanta Fatiha, suna cewa "Albaraka fikum." Namu kuma suna cewa, "Allah shi jiƙan shi, Allah shi ba ku hanƙuri."

Abin da ya kusa ba ni dariya a cikin kukan shi ne duk wanda ya iso bakin zaure sai ya yi turus yana duban takalminsa, ya rasa ko ya cire ko ya shiga da shi. Wani tsoho maƙwabcinmu ya ɗage jalabiyarsa ya nuna mini tabo a ƙwaurinsa.

"Ka gani, ga gadona na riga na amsa," in ji shi. "Sandar ubanka ce. Na duƙa in gaishe shi, yab buge ni awa jaki." Ya faɗi haka yana dariya, hawaye na bin gemunsa.

Cikin gida kuwa rigima ce ta fi kuka yawa, saboda wasiyyar da Baba ya bari. Da ciwo ya tsananta ya kira liman ya kira ni, ya ce kada kowa ya yi masa wanka sai mijin yayata, wato surukinsa. Da maganar ta shiga wurin mata, Gwaggo, ƙanwar Baba, ta ce ba da ita ba.

"Suruki shi ga jikin suruki? Tun daga Sakkwato har nan bakin kogin Bahar ba a taɓa jin wanga abu ba. Zahin ciwo ne yas sa shi hwaɗi."

Liman ya ce littafi bai hana ba, kuma wasiyya ce aka yi ta cikin hankali, a gabansa. Shi kuwa mijin Yaya ya koma bayan rumbu ya zauna, ya ajiye sandarsa ta dogarawa a kan guntun ƙafarsa, ya sunkuyar da kai. Kowa ya je masa kalma ɗaya yake ji: "Ba ni iyawa." Watan zafi ne, masu haƙa kabari sun aiko sun gama, ruwan magarya ya huce an sake ɗumama shi, gawa na kwance tana jira.

Ina rubuta wannan ne saboda jikokin Baba, waɗanda Larabci ya fi zama a bakinsu fiye da Hausa. Su dai abin da suka sani shi ne wani masifaffen tsoho mai sanda wanda ba ya son a durƙusa masa. Ba su san cewa a da babu wanda ya kai shi son a durƙusa masa ba.

Baba mutum ne mai tsananin riƙon al'ada. Kullum maganarsa ita ce, "Kakanninmu sun baro ƙasa da ƙahwa, ba su yad da kunya bisa hanya ba." Farkon auren Yaya, mijinta ya zo gaisuwa da tsakar rana, ƙasa ta yi zafi kamar tanda, ya manta ya tako cikin zaure da markubunsa, takalmin fatar nan da kowa ke sawa a nan. Baba bai ce masa uffan ba. Ni ya duba ya ce in tambayi baƙon ko gidan Bature ya zo. Bawan Allah ya koma waje da baya da baya, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna cikin rana har Baba ya gama shan shayinsa. Daga ranar bai ƙara haɗa ido da Baba ba, bai ci abinci inda yake ba, in ya hango shi a kan hanya sai ya ratse cikin gona.

Shekarar da abin da ya sauya shi ya faru auduga ba ta yi ba, dawar rumbu kuma ta ƙare tun kafin a ga hadari. Sai ga sojoji da manyan motoci sun yi sansani a filin da ke tsakanin ƙauyenmu da duwatsu, za su yi atisaye. Suna neman masu jakai da za su riƙa kawo musu ruwa daga kogi, da masu haƙa rami. Muka tafi mu uku, Baba da ni da mijin Yaya, da jakanmu biyu. A zatonmu mu juye ruwa cikin ganga ne mu dawo gida.

Ashe ba haka ba ne. Hafsan sojojin ya ce a wurin yaƙi ruwa har cikin rami yake samun soja, don haka mu ma sai mun koyi tafiya a ƙarƙashin wuta. Ya haɗa mu da wani shawish, wato sajensu, dogo mai jan ido, da bulalar fatar dorina a hannu. Bai taɓa tambayar sunan kowa ba, dukanmu "ya Fallati" ne a bakinsa, sunan da Larabawa ke kiran irinmu da kakanninmu suka fito daga yamma. Karatunsa gajere ne. In ya busa usur a gajarce, ka zube ƙasa a inda kake, ko kan ƙaya ne ko kan kashin jaki. In ya ja busar da tsawo, ka faɗa ramin da ya fi kusa da kai. Wanda ya makara, bulala ce za ta maimaita masa.

Na ci ƙasa a kwanakin nan har na san ɗanɗanonta. Za a ɗaura maka salkar ruwa a baya, ka bi ƙarƙashin waya mai ƙaya da jan ciki, bindiga mai ruwa tana ta ɓarin harsashi a bisa kanka, kana jin iskarsa a ƙeya. Baƙar ƙasar nan ta tsattsage saboda zafi, gefen kowace tsaga yana yanka gwiwar hannu, wani lokaci kunama ta fito daga ciki. Wani daga cikinmu ya ɗan ɗaga gindi, harsashi ya huda salkarsa, ruwa mai ɗumi ya kwararo masa a wuya, ya ɗauka jininsa ne ya shiga kalimar shahada da ƙarfi. Mun yi dariya ranar. Washegari wani sabon soja ya ɗaga kai a wurin nan, harsashi ya ɗebe masa muƙamuƙi, muka ga haƙora a ƙasa. Daga nan dariya ta ƙare.

Baba a lokacin gemunsa ya fara fari, jan ciki na ba shi wuya. Da idona na ga shawish ya sa takalmi ya danna kansa cikin ƙasa, ya kuma shure shi a haƙarƙari. Na yunƙura zan tashi, Baba ya riƙe mini idon sawu ya ce, "Kwanta, ɗan nema. Tuwo munka zaka nema." Ban taɓa ƙin mutum kamar yadda na ƙi shawish ɗin nan ba, har yau kuma ban gama huce masa ba.

Ramukan mu muka haƙa su, kowanne na mutum biyu ne, matsattse, in kun shiga sai gwiwa ta haɗu da gwiwa, numfashin wani a fuskar wani. Da aka zo rabo, shawish ya ga Baba da mijin Yaya jakai ɗaya suke kora, ya ba su rami ɗaya. Aka busa dogon usur, Baba ya faɗa, mijin Yaya ya tsaya a baki ƙiƙam. Bulala ta sauka a bayansa. Aka sake busawa, ya sake tsayawa. Shawish ya yi ta tsula masa har riga ta yage ta manne da jini, bai yi kuka ba, bai kuma shiga ba. Ni na fi su Larabci, na matsa na ce, "Ya shawish, surukinsa ne, a wurinmu ba su haɗa jiki."

Ya dube ni ya tofar da yawu. "Ka gaya masa ƙarfe bai san suruki ba."

Da yamma muna korar jakai zuwa gida, mijin Yaya na can baya nesa yana tafiya a karkace. Baba ya waiga ya dube shi, fuskarsa cike da jin daɗi, ya ce da ni, "Ka hwaɗa ma yayarka ta yi miji. Wanga ɗan halas ne." Na kai saƙon, Yaya kuma ta gaya wa mijinta tana gasa masa baya da ruwan zafi. Daga baya Baba ya ce a duk maganganun da ya yi a duniya, wannan ce yake tsoron a tambaye shi.

Ranar babban atisaye suka fito da wata bindiga da suke kira hawun, gajeren bututu ne da ke cilla bom sama ya faɗo daga bisa. An ce mana can gindin dutse za su riƙa sauka, mu dai mu bi layin ramuka mu raba ruwa. Hantsi ya yi, muna tsakiyar fili da jakai, ana ta dirkar dutse ƙura na tashi. Sai muka ji wani bom ya zo da wata irin ƙara daban, ya fashe a bayanmu, kusa ƙwarai. Ban san ko wa ya yi kuskuren saiti ba, ba a kuma taɓa gaya mana ba. Usur ya ɗauka ba tsayawa.

Na faɗa wani rami a kan wani soja, ya zage ni ya danne ni. Da na leƙo, na hango Baba a cikin rami, mijin Yaya a bakinsa. Babu wani rami kusa da su sai wannan.

"Hwaɗo!" Baba ke ihu, ya miƙo hannu biyu. "Hwaɗo bisa kaina!"

Wannan karon ya yarda zai shiga, na ga ya yarda. Amma sai ya duƙa ya kama diddigen markubunsa.

"To Baba, bari in hidda takalmi."

Ƙasa ta tashi da su. Kunnena ya toshe, bakina ya cika da yashi. Da ƙura ta ɗan lafa na ga jakarmu a kwance cikinta a buɗe tana shure-shure, salkuna sun fashe, ruwa da jini sun haɗu suna bin tsagar ƙasa. Mijin Yaya na rigingine a bakin rami, ƙafarsa ta dama daga ƙasan gwiwa fata kaɗai ke riƙe da ita, ƙashi fari a waje. Takalmin yana hannunsa.

Baba ya fito daga ramin. Mutumin da jan ciki ke gagara, ban ga lokacin da ya hau ba. Sojoji na yi masa ihu ya koma, shi kuwa ya kife a kan surukinsa, ya rufe shi da ƙirji da hannuwa. Bom na uku ya sauka. Na ga bayan jalabiyar Baba ya yi ɗigo-ɗigo, kafin ƙiftawar ido ya rine ja gaba ɗaya. Duk da haka ya kama wuyan rigar mijin Yaya ya ja shi, suka gangara cikin ramin tare.

Da aka tsayar da wuta na ruga. Na same su a matse, Baba ya kwance rawaninsa ya ɗaure cinyar tamau, ya rungume kan mutumin a ƙirjinsa yana girgiza shi yana zagi.

"Ɗan banza, wa yac ce ka hidda takalmi? Wa yac ce?"

Mijin Yaya kuwa ya riga ya suma. Sai Baba ya ɗaga hannu ya kwaɗa wa kansa mari, ya ce, "Ni nac ce."

Shawish ɗin nan shi ya tsallako cikin ramin, yana zagin uwar kowa, ya saɓa mijin Yaya a kafaɗa ya ruga da shi mota. Baba bai taɓa yafe masa shurin haƙarƙari ba, amma in an ambace shi yakan ce, "Azzalumi ne, sai dai gaskiya yah hwaɗi." A asibiti aka ƙarasa yanke ƙafar. Baba kuma aka kifar da shi aka yi ta tsince masa ɓaraguzan ƙarfe daga baya, waɗanda suka yi zurfi aka bar su. Tun daga nan bai ƙara kwanciya rigingine ba. In ka tambaye shi ko yana ciwo sai ya harare ka ya ce, "Ciwon mi? Ƙarhe ne ya samu wurin zama."

Wani mutum ne daban ya dawo mana daga asibiti. Ya yanko sandar gora ya ajiye kusa da tabarmarsa. Duk wanda ya duƙa zai cire takalmi ko ya tsuguna don gaishe shi, yaro ko babba, sai ya ji ta a ƙwauri. "Tashi tsaye ka gaishe ni," in ji shi. "Ladabi ya ci ƙahwa guda a gidan ga, ya isa." Gwaggo ta yi fushi da shi har ta daina shigowa gidanmu wata da watanni, tana cewa bom ya taɓa masa kai. Dattawan ƙauye suka zo yi masa magana a kan yana lalata yara, ya ce su fara zuwa su ja ciki ƙarƙashin waya tukuna sannan su dawo a yi zance.

Mutum ɗaya ne sandar ba ta taɓa sauka a kansa ba, shi ne kuma ya fi kowa ƙin bin sabuwar dokar. Mijin Yaya kunyarsa ƙaruwa ta yi. Baba zai ɗauki ƙwaryar tuwonsa ya ratsa unguwa, ya je ya zauna a gefen tabarmar surukinsa ya ce, "Sa hannu mu ci." Shi kuwa sai ya lalubi sandarsa ya miƙe, ya ɗingisa ya bar wurin. Ƙwarya nawa Baba ya fasa a bangon gidan nan, Yaya ce ta sani. Wata rana ya yi dabara, yana zama sai ya fizge sandar dogarawar ya riƙe, ya ce yau ya ga ta inda za a gudu. Mijin Yaya ya dubi ƙasa, ya kife bisa cikinsa, ya ja jiki da gwiwar hannu yadda shawish ya koya mana, har ya shige ɗaki. Baba ya tsaya da sanda a hannu yana kuka kamar yaro, a gaban 'yarsa da jikokinsa. Bai ƙara kai tuwo gidan ba.

Sai ya koma yi masa abin da ba ya bukatar a haɗa ido. Hawashar mijin Yaya, wato gonarsa ta ban-ruwa, Baba ne ke fara nome ta kafin ya taɓa tamu. Ranar da ruwa ya zo layinsu shi ke tsayawa cikin laka yana buɗe bakin kwalbati. In sandar dogarawa ta cinye, ya sassaƙa sabuwa, ya naɗa mata tsumma a inda hammata ke zama, ya jingina a jikin dangar gidan ya wuce abinsa.

Ni da mijin Yaya akwai wasa tsakaninmu, don haka na taɓa tsare shi na ce, "Kai gurgu, tsohon nan so kake baƙin ciki ya kashe shi?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Mutumin da yar ruhe ni da bayanshi, da wane ido ni ka duban shi? Da can kunya guda ce. Yanzu biyu ce."

Wannan shi ne mutumin da ke zaune bayan rumbu ranar rasuwar, rana na ƙara hawa. Liman ya je ya dawo, dattawa sun je sun dawo. Wasu sun fara cewa a bar wasiyyar, liman ya yi wankan, Allah ya ga uzuri. Raina ya ɓaci, don na san wannan ce roƙon Baba ta ƙarshe, in ta faɗi babu wata.

Sai ga Yaya ta fito daga cikin mata, ta ja mayafi ta ratsa taron maza, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tsaya a kan mijinta. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya ji.

"Malam, ran nan ka tsaya baki kana ladabi, shi yah hito yas same ka. Yau ba shi iya hitowa."

Ya ɗago kai. Ya miƙa hannu, ta ba shi sandarsa, ya tashi ya nufi ɗakin, ni ina biye da buta. Kada a tambaye ni ko ya cire takalmi a bakin ƙofa, ban duba ba.

Liman ya tsaya daga waje yana faɗa mana abin da za mu yi. Muka rufe Baba da zane daga cibiya zuwa gwiwa. Mijin Yaya ya zauna a gefen gadon, ya naɗe hannunsa da ƙyalle, ya kawar da fuska wajen bango, ya yi masa alwala da lalube, ina zuba ruwa. Da muka juya shi bisa gefe, na ga bayan da rabona da gani tun asibiti, duk ramuka da ƙulli-ƙulli, wasu baƙaƙe a ƙarƙashin fata. Hannunsa na bi a kansu. Na karkata buta zan zuba a ƙasan kafaɗar dama, sai ya tare bakinta da tafinsa.

"Sannu-sannu nan wurin," ya ce. "Shi ka yi mai ciwo."

Na ce, "Baba bai taɓa cewa wani wuri na yi masa ciwo ba. Ni ɗansa ban sani ba, kai ina ka sani?"

"Ban san huskarshi ba," in ji shi. "Sai ya wuce ni ka ɗaga ido, bayan nan kaɗai ni ka gani. In damina ta kusa, kahwaɗar ga sauka take, shina tahiya yana kare ta."

Sai ya juyo daga bango, ya dubi bayan da kyau, ya sa tafin hannunsa a wurin ya rufe shi. Na zuba ruwan a kan yatsunsa kaɗan-kaɗan, yana gangarawa ta tsakaninsu.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa dukan da ya yi da maganar da yake tsoro, ya yalwata masa makwancinsa. Wanda ya karanta wannan ya sa shi cikin addu'a, ya haɗa da surukinsa.